Shirun da ke ratsa numfashin mai barci

Mai wannan matsala ba shi ne ke fara ganinta ba. Matarsa ce, ko ɗan da ke jinyarsa, ke lura cikin dare cewa numfashin ya yi ta ƙaruwa kamar mai haki, ya dawo yana raguwa, sai kuma ɗif, ƙirji ya tsaya cak. A ƙirga goma, a ƙirga ashirin, sannan ya dawo. Da gari ya waye aka ba da labari, amsar da aka fi ji a gidajenmu na Bauchi, daga Jahun har Yelwa, ita ce: "Tunani ne ya yi masa yawa." Wasu su ce dannau ne, a nemo hayaƙi da tofi.

Dannau dabam yake: mutum ya farka, hankalinsa na nan, jiki ya ƙi motsi na ɗan lokaci. Haka ma mai minsharin da maƙogwaronsa ke toshewa dabam yake, domin shi ƙirjinsa na ta kokawar jawo iska, hanya ce ta rufe. A wanda nake magana a kai, hanya a buɗe take, umarni ne bai zo ba. Can gindin ƙwaƙwalwa akwai wata cibiya da ke auna yawan iskar kabon a jini, wato gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa. In ta taru, cibiyar ta ce a ja numfashi. In ta yi ƙasa sosai alhali mutum na barci, sai cibiyar ta yi shiru har ta sake taruwa. Likitoci na lissafa shirun a matsayin ɗaukewar numfashi idan ya kai daƙiƙa 10.

Babban abin da ke rikita wannan ma'auni shi ne raunin zuciya. A dubi manomin rani a fadama wanda ya tsaya bakin rami yana buɗe ruwa, yaronsa kuma na can ƙarshen gona yana kawo masa labari. In yaron na saurin zuwa, ruwa zai tafi daidai. In ya zama mai nawa, kafin ya ce ruwa ya isa, gona ta cika ta batse; a toshe, kafin ya dawo ya ce a buɗe, ƙasa ta bushe. Jini ne ɗan aiken da ke tsakanin huhu da ƙwaƙwalwa. Zuciyar da ta gaji ba ta tura shi da sauri, ga ruwa da ke taruwa a huhu yana sa haki, saboda haka numfashi ke hawa da sauka da tsayawa. John Cheyne ya bayyana wannan salo a 1818, William Stokes ya ƙara bayani a 1854, dukansu likitoci ne a birnin Dablin, kuma da sunansu ake kiransa har yau.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya a Najeriya, ga mutane da yawa na ajiye magani da zarar ciwon kai ya lafa. Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Wanda ƙafarsa ke kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, kuma numfashinsa na ɗaukewa da dare, awon zuciya yake bukata. Shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda mai tsanani su ma suna jawo shi.

Sai ƙwaya. Tiramadol da kodin dangin mofin ne, kuma dukansu suna dakushe cibiyar numfashi, musamman in aka haɗa su da maganin barci ko giya. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta fitar, amma duk wanda ke zaune da matasa ya san ba a rabu da Bukar ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lebura ko direban da ya fara sha don ya jure aikin yini, ba don maye ba, bai kuma san abin da ƙwayar ke yi masa bayan ya kwanta ba.

Hawa tudu mai tsawon da ya wuce mita 2,500 na kawo irin wannan numfashi ga lafiyayye ma, amma Bauchi ba ta kai mita 700 ba, Jos ma kusan 1,200 ce. Jariri bakwaini kuwa cibiyarsa ce ba ta gama nuna ba, shi ya sa ake sa masa ido a asibiti.

To ina matsayin damuwa? Likitoci ba su sa ta cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo kai tsaye ba, amma tana da hanyoyinta na bayan gida. Mai tunanin bashi ko kuɗin makaranta barcinsa a gutsure yake. Duk sanda ya firgita ya farka, yakan ja numfashi da ƙarfi, iskar kabon ta ragu, da barci ya sake fizgarsa sai a sami ɗan shiru. Irin wannan a bakin barci kan faru ga mai ƙoshin lafiya ma. Damuwa kuma na tayar da hawan jini, tana kai mutum ga ƙwayar barci daga kemis ba tare da takardar likita ba. Masu cewa tunani ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai in an tsaya nan, zuciyar da ke neman agaji za ta ci gaba da lalacewa.

Wanda ya ga haka ga nasa, ya ɗauki bidiyon minti biyu ko uku da waya, ƙirji da ciki a bayyane, ya tattara duk magungunan da majinyacin ke sha, har wanda yake ɓoyewa, a tafi da su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru. Gwajin barci na dare guda ne ke tabbatar da nau'in ciwon, amma awon jini, hoton zuciya da gwajin ƙoda kan nuna inda gizo ke saƙar, kuma sau da yawa in aka yi maganin tushen, numfashin dare na daidaita. Wanda ya daɗe yana shan tiramadol kada ya yanke dare ɗaya, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.