KULA DA TSOFAFFI: LIKITA DA MUTANEN GARI SU HAƊA HANNU

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, maza da mata ƴan makarantun yaƙi da jahilci, yau maganarmu a kan tsofaffi take. Su ne suka haife mu, suka yi mana tarbiyya, suka bar mana gonaki. Yanzu ƙarfinsu ya ragu. Wa zai kula da su, kuma ta yaya?

Kowa ya san halin ƙasarmu. Da an gama girbi, samari da magidanta sai su tafi biɗa: wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Gida sai ya rage daga tsoho da tsohuwa, sai suruka da jikoki. Suruka ga daka, ga ɗebo ruwa, ga itace, ga goyo. In tsoho ya kwanta ciwo, sau da yawa ba mai kai shi likita.

BUKATUN TSOHO IRI BIYU NE

Na farko, bukatar likita: awo, magani, allura, wani lokaci aiki.

Na biyu, bukatar gida: abinci mai laushi, ruwan sha mai tsabta, wanka, shimfiɗa, sanda, mai rakiya, da mai zama ya yi hira da shi.

Ma'aikacin likita ya san ciwo, amma bai san abin da ke cikin rumbu ba. Mutanen gida sun san rumbu, amma ba su san ciwo ba. In kowa ya kama gabansa, tsoho ne ke shan wuya a tsakani.

Mu ɗauki hawan jini, wanda ake kira tansiyo. Ciwo ne mai yawa ga tsofaffi. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai ji komai ba. In awo ya nuna 14 bisa 9 ko fiye, kuma aka sake awo wata rana aka samu haka, to, akwai hawan jini. Maganinsa ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana 3 a gama. Kullum ake shan sa. Manjo zai rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a dawo ranar kaza. To, wa ke girki? Wa zai tuna ranar? Wa zai biya kabu-kabu? In magani ya ƙare ba a sake saye ba, wata rana sai a wayi gari rabin jiki ya shanye. Sai a ce iska ce, alhali ciwo ne da ake iya tarewa.

Haka ciwon suga: magani da abinci tare suke tafiya. Haka yanar ido: tsohuwa za ta zauna ɗaka shekara da shekaru ba ta gani, alhali ƙaramin aiki a asibiti yana iya buɗe mata ido. Sau da yawa abin da ya hana ta zuwa shi ne rashin mai ja mata gora.

ABIN DA MUKE DA SHI

Ba daga fari za mu soma ba. Tun shekarun 1960 aka fara horar da sakuristi da ungozoma a ƙauyukan Nijar. Daga 2001 an gina ƙananan gidajen likita a karkara. Madawa, Buza da Keita kowace tana da asibitinta, babban asibitin jiha yana Tawa, ga kuma asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950. Likitocinmu suna da kwamitin kula da su, wanda mutanen gari ke ciki.

A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da kuɗin awon ciki. Wannan tsari bai haɗa da tsofaffi ba. A 2024 an rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, amma kuɗin hanya da na maganin kowane wata suna nan a kan iyali.

A gari kuwa muna da mai gari, da liman, da zakka, da gayya, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka soma a Maraɗi a 1991.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara: a riƙa duba tsoho gaba ɗayansa, tafiyarsa, ganinsa, jinsa, cimarsa, hankalinsa da kwanciyar ransa, kuma masu aikin lafiya su haɗa kai da masu taimakon jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

AYYUKA BIYAR DA GARI ZAI IYA YI

1. A rubuta sunaye. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, wannan aikinku ne. Ku zauna da mai gari ku rubuta tsofaffin unguwa cikin littafi. Ku sa alama gaban wanda ba ya gani, da wanda ba ya fita, da wanda ba ya da kowa. Ku kai wa manjo ya gani.

2. Kowane tsoho ya samu mai kula da shi guda, wanda kowa ya sani. Shi zai raka shi likita, ya ji bayani da kunnensa, ya dawo ya gaya wa mai girki.

3. A adana karne. Tsoho ya riƙe karne guda, a tafi da shi ko'ina, ko Madawa, ko Galmi, ko Tawa. In yana shan sassaƙe ko maganin kasuwa, a gaya wa likita, kada a ɓoye.

4. A sa ranar awo. Kwamitin likita ya roƙi manjo rana guda a wata don awon tsofaffi. Gari ya tanadi amalanke don waɗanda ba su iya tafiya.

5. A buɗe asusu. Bayan girbi kowane gida ya zuba abin da ya sawwaƙa, tiyar hatsi ko ƴan kuɗi. Ƴan biɗa su ware na magani daban da na cefane. Mutum biyu amintattu su riƙe asusun, a rubuta shiga da fita, a karanta gaban jama'a. Wanda ba ya da galihu sam, mai gari ya kai maganarsa ga hukuma da ofishin taimakon jama'a na asibiti.

IN AN SALLAMO TSOHO

Kafin a bar asibiti, mai rakiya ya yi tambaya uku: Sau nawa za a sha magani? Wane abinci aka hana? Yaushe za a dawo? A rubuta amsa.

Wanda ke kwance a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, don kada bayansa ya yi gyambo. Da bazara a riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba, domin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Da ɗari a ba shi bargo. A share hanyar makewayi, a aje masa fitila kusa, domin faɗuwa tana karya ƙugu.

In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗauki ciwo mai tsanani, kada a jira gobe. A tafi likita nan take.

MU TATTAUNA A MAKARANTA

Tsofaffi nawa ne a unguwarku ba su da mai kula da su? Yaushe rabon a auna jininsu? Wa zai fara rubuta sunaye?

Ranar 1 ga watan Oktoba ita ce ranar tsofaffi ta duniya, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1990. Kowace makaranta ta yi ƙoƙari littafin sunayenta ya kammala kafin ranar. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya. Amin.