Jajen Ƙasashe a Ma'aunin Ta'aziyya

Idan wata al'umma ta shiga ƙunci a ƙarƙashin mulkin baƙi, al'adar diflomasiyya ita ce ƙasashe su fitar da sanarwar jaje. Sunna tana da ma'aunin irin wannan magana. Sa'ad da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci. Ke nan mai ta'aziyya yana ɗauke wa mai makoki wani nauyi.

Nijeriya ta taɓa kusantar wannan ma'auni. A 1960 Faransa ta gwada makamin nukiliya sau uku a Saharar Aljeriya, ƙasar da ke hannunta a lokacin. A watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragenta na ruwa da na sama shigowa. Lalle akwai tsoron gurɓatar iska a cikin matakin, amma dai ta yarda da asarar ciniki.

Kudancin Katsina kuwa jajen fatar baki ya sani. Da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da abin. Ko da yake 'yan bindiga ba 'yan mulkin mallaka ba ne, manomin Faskari ko Sabuwa da sai ya biya su haraji kafin ya girbe gonarsa yana ƙarƙashin ikon da bai zaɓa ba, kuma sanarwar ba ta rage masa ko kwabo ba.