Ba Duk Kitse Ne Ke Kwanciya A Jiki Ba

Maganar da aka saba ji ita ce, mai ƙiba cinsa ne ya yi yawa, kuma kitse duk ɗaya ne. Masu faɗin haka suna da hujja, domin abinci da zaman wuri ɗaya suna da babban rabo a lamarin. Sai dai kowa ya san 'yan uwa biyu da ke cin tuwo a kwano ɗaya, ɗaya ya yi teɓa, ɗaya ya zauna siriri. Ina ganin hukuncin da muke yanke wa na farkon ya yi tsauri.

Kitse iri-iri ne. Farin kitse ajiya yake yi. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, wanda aikinsa ƙona makamashi ya mayar da shi ɗumin jiki, ta hanyar furotin mai suna UCP1. Jarirai na da shi a tsakanin kafaɗu, shi ke kare su daga sanyi. An daɗe ana zaton yana ɓacewa idan mutum ya girma, har sai a 2009 da hotunan asibiti suka nuna shi a wuya da saman ƙirjin manya, yana kama aiki idan an shiga sanyi.

Gado ma yana da hannu a nan. A 2007 an gano cewa masu ɗauke da kwafi biyu na wani sauyi a yankin gado da ake kira FTO sukan fi waɗanda ba su da sauyin nauyi da kusan kilo uku. Shekaru aka yi ba a san dalili ba, mafi yawan masana suna duba ƙwaƙwalwa da sha'awar ci. A 2015 Melina Claussnitzer da Manolis Kellis da abokan aikinsu suka sa kwamfuta ta tace bayanan gado, ta yi hasashen harafin gadon da ke da alhaki. Harafi ɗaya ne tak. Idan ya sauya, ƙwayoyin gado biyu da ke can nesa da shi, IRX3 da IRX5, sai su ƙara ƙaimi, ƙwayoyin kitsen da ya kamata su riƙa ƙonawa su koma ajiya. Ba su tsaya ga hasashen kwamfuta ba. Sun gyara harafin a ƙwayoyin kitsen ɗan Adam a ɗakin gwaji, ƙonawar ta dawo.

To, wanda aka haifa da wannan harafi, mene ne laifinsa? Jikinsa yana riƙe abin da na ɗan uwansa ke ƙonawa, kafin ma a zo batun ko ya ƙara malmala.

Kada kuma a ɗauki wannan a matsayin uzuri. Kilo uku ba sa bayyana kilo talatin, kuma ɗaruruwan wurare a cikin gado ke taɓa nauyin jiki, kowanne da ɗan ƙaramin rabonsa. Akasarin bayanan da kwamfutocin ke koyo da su ma daga Turawa aka tattaro, don haka hasashensu kan yi rauni idan aka gwada shi a kan mutanen Afirka. Wannan giɓin ya fi damuna, domin ciwon sukari da hawan jini suna ƙaruwa a biranenmu, kuma ba za su jira a kammala binciken ba.