Abin Da Ke Kai Masana Tsibirin Kitnos

A cikin tekun da ke kudu maso gabas da birnin Atina, a ƙasar Girka, akwai wani ɗan tsibiri mai duwatsu da ake kira Kitnos. Jama'arsa ba su da yawa, amma masanan lantarki daga ƙasashe masu nisa sun sha hawa jirgin ruwa suna zuwa ziyara. Muna so mu bayyana wa masu karatu abin da ke kai su, gama akwai darasi a ciki ga malaman makaranta, da kuma akawunan da takardun neman tafiya ƙaro ilmi ke bi ta hannunsu.

Tun cikin 1982 aka kafa injunan iska guda 5 a tsibirin, ana kuwa lissafa su cikin na farko a Turai. Sa'an nan cikin 2001 masana daga Girka da Jamus suka haɗa kai a wani kwari mai nisan wajen kilomita 4 daga turken lantarki mafi kusa. Suka yi wa gidaje 12 ƙaramar tashar wuta mai zaman kanta: faifan hasken rana mai ƙarfin kilowat 10, da ɗakin batura, da ɗan injin dizal na ko-ta-kwana.

To, kafa irin wannan tasha ba shi ne mai wuya ba, sarrafa ta shi ne aikin. Lantarki ba ya jira. Abin da aka samar a cikin sakan guda, tilas a sha shi ko a adana shi a cikin wannan sakan. Babbar tasha tana da manyan injuna masu nauyi, waɗanda juyinsu ke shanye ƙananan canje-canje. Ƙarama ba ta da su. Gajimare ya gilma, ko mutum biyu su kunna famfon ruwa lokaci guda, sai ma'auni ya karkata.

Dabarar da aka yi a Kitnos ita ce a sa wutar kanta ta zama sanƙira. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a sakan guda. Idan batura sun cika, na'urar da ke kula da su takan ɗan ɗaga wannan adadi, faifan rana su gane, su rage abin da suke bayarwa. Idan batura sun yi ƙasa, sai ta ɗan sauke shi, a yanke wa gidaje wuta kafin batura su lalace. Ba a bukatar wata wayar saƙo dabam. Daga baya, a cikin wani shirin bincike da aka fara a 2006, masanan jami'ar fasaha ta Atina, a ƙarƙashin Farfesa Nikos Hatziargyriou, suka sa wa gidajen na'urori masu shawara da juna, domin in wuta ta yi ƙaranci a fara dakatar da famfon ruwa, a bar fitila, kuma a raba rashin da adalci.

Ana iya karanta wannan duka a takarda, amma gani ya kori ji. Shi ya sa taron duniya na masanan ƙananan tashoshi ya zama mai yawo. An fara shi a Bakali ta Amurka cikin 2005, ya je Nagoya ta Japan cikin 2007, cikin 2008 kuwa a Kitnos ɗin aka yi shi. Mai ziyara yakan ga abin da lissafi ba ya nunawa, watau yadda zafi ke cin batir, da yadda mai gida ke ji in an yanke masa famfo.

Banda taro akwai doguwar ziyara, inda malami ke zama watanni a ɗakin gwajin wata jami'a. Jami'ar Alborg ta Denmak ta yi suna wajen karɓar irin waɗannan baƙi. Cikin 2011 Farfesa Josep Guerrero da abokan aikinsa suka bayyana tsarin sarrafa ƙananan tashoshi hawa uku, wanda mai karatu zai gane shi in ya tuna da mai unguwa da dagaci da hakimi. A hawa na farko kowace na'ura tana gyara kanta nan take, ba ta jiran umurni. Na biyu yana maido da ma'auni daidai bayan an yi gyaran gaggawa. Na uku shi ke shawarar ciniki da babban layi, ko a saya ko a sayar.

Wannan magana ta shafe mu. Cikin 2016 hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi, cikin 2019 kuma aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Kayan aiki kuɗi ke sayensu, amma sanin sarrafa su sai an je an koya. Mu da muke horon malamai mun sani ɗalibi ba ya zama malami sai ya tsaya gaban aji da alli a hannu.

Saboda haka muna roƙon masu ba da izinin tafiya su riƙa tambayar abu uku. Wane ɗakin gwaji za shi, kuma wata nawa zai yi yana taɓa na'ura da hannunsa? Wace matsala ta gida ya ɗauka, ta ƙurar hunturu a kan faifai ko ta zafin bazara a kan batir? In ya komo, mutum nawa zai koya wa? Baƙon masani kuma da ya zo mana, kada a sallame shi sai ya bar wani ɗan gari da ya iya aikin. In ba haka ba, ran da na'ura ta tsaya, sai asibitin ƙauye ya koma aci-bal-bal, kuɗin jama'a kuwa sun tafi. Allah ya sa mu dace, amin.