Awon Guba a Ruwan Sha: Aikin Farfesa Abul Hussam a Bangaladash

Tun fil azal ido da hanci da harshe su ne alƙalan da ɗan Adam ya dogara da su wajen rarrabe ruwa mai kyau da maras kyau. In ruwa ya gurɓace, ko ya yi wari, ko ya yi zartsi, sai a ƙyale shi a nemi wani. Amma akwai gubar da duk alƙalan nan uku ba su da hurumi a kanta, watau arsenik, domin idan ta narke cikin ruwa ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma da ɗanɗano. Ba mai iya kama ta sai masanin kimiyyar sinadarai, shi ma sai da na'urar awo. Wannan ne ya sa rayuwar wani malamin jami'a, Farfesa Abul Hussam, ta sarƙe da lafiyar miliyoyin mutanen ƙasarsu ta Bangaladash.

Lokacin da Bangaladash ta sami 'yancin kai a 1971, galibin mutanen karkara ruwan tafki da na kogi suke sha, kwalara da gudawa kuwa suna ta ɗibar yara ƙanana. Saboda haka gwamnati da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka duƙufa haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu, daga bisani jama'a su ma suka shiga haƙa nasu, har rijiyoyin suka kai miliyoyi. Ruwan da ke fitowa garau yake, ba shi da ƙwayoyin cuta irin na tafki, don haka kowa ya yi hamdala. Abin da ba a yi ba shi ne auna arsenik, domin a wancan zamani ba a zaci samunta a irin wannan ƙasa ba. A 1983 wani likitan fata a jihar Bangal ta Yamma da ke Indiya, Dokta K. C. Saha, ya danganta wasu tabo da kanta da yake gani a jikin majinyata da ruwan rijiyoyinsu. Sai a 1993 aka tabbatar da gubar a rijiyoyin Bangaladash kanta, a gundumar Chapai Nawabganj. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Ya kamata mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ake magana a kansa. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin arsenik da ta amince da shi a ruwan sha daga maikirogiram 50 zuwa 10 a kowace lita, watau giram ɗaya tak cikin durom 500 na ruwa. Bangaladash ta ci gaba da aiki da ma'aunin 50. Duk da haka, binciken da masana ilmin ƙasa na Birtaniya suka yi tare da hukumomin ƙasar a 1998 da 1999 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na rijiyoyi marasa zurfi sun wuce 50, kashi 46 kuma sun wuce 10. Gubar ba ta kisa nan take. Sai mutum ya shekara da shekaru yana sha kafin baƙaƙen tabo su ɓullo a ƙirji, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, sa'an nan ciwon daji na fata ko na huhu ko na mafitsara ya biyo baya, ko kuwa ciwon zuciya.

Abul Hussam haifaffen Kushtiya ne, a yammacin ƙasar. Ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Dakka a tsakiyar shekarun 1970, ya wuce Amurka inda ya sami digirin dokta a Jami'ar Pittsburgh a 1982, sa'an nan ya kama koyarwa a Jami'ar George Mason da ke jihar Virginia a 1985. Fanninsa shi ne reshen kimiyyar sinadarai da ya shafi awo, watau gano ko wane abu ne ke cikin wani abu, kuma nawa ne adadinsa. Fanni ne da ba ya jan hankalin 'yan jarida, kuma ɗalibai da yawa kan yi masa kallon gajiyarwa, domin rabin aikinsa wanke kwalabe ne da daidaita na'ura da maimaita gwaji ɗaya sau goma. Ya shafe fiye da shekara goma a wannan hali kafin labarin rijiyoyin garinsu ya riske shi.

Wajen 1997 ya soma aiki tare da ɗan'uwansa, Dokta Abul Munir, likita a Kushtiya, kuma abin lura shi ne ba da neman magani suka fara ba, da awo suka fara. Kayan gwajin tafi-da-gidanka da ake amfani da su a lokacin ba su da tabbas idan gubar kaɗan ce, ga shi kuwa a nan kaɗan ɗin ne abin tsoro. Sai Hussam ya kafa ɗakin bincike a garin, ya yi amfani da wata dabara ta lantarki: a tsoma ɗan tsinke mai rufin zinariya cikin ruwan, a sa lantarki ya tattaro arsenik ta manne a jikinsa, sa'an nan a juya lantarkin ta saki, a auna ƙarfin wutar da ta gudana yayin sakin. Gwargwadon wutar, gwargwadon gubar. Ba don wannan ma'auni ba, da duk matacin da suka ƙera daga baya zai zama zato ne kurum, domin ruwan da ya fito daga mataci mai aiki da wanda ya fito daga na banza kamanninsu ɗaya a ido.

Maganin da suka samu ya fito ne daga asalin cutar kanta. Ƙasar Bangaladash laka ce da manyan koguna suka yi dubban shekaru suna kwasowa daga tsaunukan Himalaya. Ƙwayoyin yashin da ke cikin lakar suna da wata 'yar riga ta tsatsar ƙarfe, ita kuwa tsatsa tana da ɗabi'ar riƙe arsenik gam a jikinta. Muddin akwai iskar oksijin, riƙon ba ya kwancewa. Amma a ƙarƙashin ƙasa, inda ruɓaɓɓun tsirrai suka binne, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan cinye iskar, in ta ƙare su koma kan tsatsar su narkar da ita, arsenik ɗin da take riƙe da ita ta zube cikin ruwa. Ba wani masana'anta ne ya zuba gubar ba. Tana nan kwance tun kafin a haƙa rijiya ta farko. To, idan rashin iska ne ya raba tsatsa da arsenik a ƙarƙashin ƙasa, sai a sake haɗa su a sarari inda iska take.

Gwajinsu na farko da tuluna uku aka yi shi, wani bisa wani, irin waɗanda matan karkara suka saba da su: na sama da ɓarɓashin ƙarfe da yashi, na tsakiya da gawayi da yashi, na ƙasa yana tarar ruwan. Ya cire gubar sosai, sai dai ba a daɗe ba ƙarfen ya dunƙule ya toshe. Bayan gwaje-gwaje masu yawa suka sarrafa ɓarɓashin ƙarfen ya zama wani dunƙule mai kafofi kamar soso, wanda ruwa ke ratsawa ba tare da ya toshe ba, kullum kuma sabuwar tsatsa tana tsirowa a cikinsa. Suka maye tuluna da bokiti biyu na roba, na sama da yashi da wannan ƙarfe da ɓaraguzan jan bulo, na ƙasa da yashi da gawayi da bulo. Sunan matacin SONO. Ba ya bukatar lantarki ko wani sinadarin da za a riƙa saye, yana tace lita 20 ko fiye a sa'a guda, kuma a lokacin kuɗinsa bai wuce dala 40 ba.

A 2007 Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasar Amurka ta ba shi lambar Grainger ta dala miliyan ɗaya, wadda aka ware domin wanda ya fito da hanyar cire arsenik mai araha, mai ɗorewa, wadda ba ta dogara da lantarki ba. Ya ba da kashi 70 cikin ɗari don rarraba mataci ga mabukata, kashi 25 don ci gaba da bincike, kashi 5 kuma ga jami'arsa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa bokiti biyu sun kashe wutar. An auna rijiyoyi kusan miliyan 5 a farkon shekarun 2000, aka shafa wa masu guba jan fenti, masu kyau kuma kore, amma fenti yakan goge, ana kuma haƙa sababbin rijiyoyi da ba wanda ya auna. Mataci yana bukatar kulawa: a riƙa zuba masa tafasasshen ruwa lokaci-lokaci don kada ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, a wanke yashin in ya toshe, in famfonsa ya karye a sami mai gyara. Gidaje da yawa sun jingine nasu da ya lalace. Masana da dama sun fi karkata ga rijiyoyi masu zurfin fiye da mita 150, waɗanda galibinsu ba su da gubar, ko kuwa ruwan famfo na gari baki ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda ya bi lafiyar mutum kusan 12,000 a yankin Araihazar, ya danganta kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mace-macen da aka samu a cikinsu da shan ruwan da ya wuce ma'aunin 10. A 2016 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 20 suna shan ruwan da ya wuce ma'aunin ƙasar.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kwangilar burtsatse a wannan yanki namu yana da misali mafi kusa da gida. A garin Tibiri da ke jihar Maraɗi a Nijar, an fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, ruwa garau mai daɗin sha. Gubar da ke ciki ba arsenik ba ce, sinadarin fuloraid ne, wanda ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. An shafe shekaru fiye da goma ana sha kafin a danganta rinewar haƙoran yaran garin da lanƙwashewar ƙafafunsu da ruwan.