Tallar Zamani: Sana'ar Da Ake Fara Shirinta Tun Daga Sakandare

Duk baƙon da ya shigo Daura ba ya son komawa bai leƙa rijiyar Kusugu ba, wadda tarihi ya ce a nan Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Idan Sallar Gani ta zo kuwa, gari cika yake maƙil da baƙi. Amma da an watse, yawancinsu sun tafi ke nan, ba su san inda za su sake samun baduku ko mai ɗinkin hular da suka yi sha'awar aikinsa ba. Kayan na nan, masu so na can, babu mai haɗa su. Haɗa su ta waya shi ne aikin mai tallar intanet, kuma sana'a ce da ake koyo.

Mene ne aikin?

Kowa ya san talla: a ɗora tire a ka, a bi unguwa ana shela. Ta intanet ma manufar ɗaya ce, sai dai kayan aikin sun canza. Mai wannan sana'a yakan fara da sanin wa zai sayi kayan, a ina yake, kuma nawa zai iya biya. Sannan ya ɗauki hoto mai kyau, ya rubuta gajeren bayani da farashi, ya jera su a manhajar WhatsApp Business ko a shafin Facebook da Instagram. Idan za a biya kuɗin talla, shi ke zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani, da abin da za a kashe kullum.

Inda gwani ke bambanta da mai wasa da waya shi ne wajen lissafi. A ce mai ɗinkin hula ya ba ka Naira 5,000 ka yi masa talla. Mutum 20 suka tambayi farashi, 4 suka saya. Ke nan kowane mai saye ya ci Naira 1,250. Idan ribar hula ɗaya Naira 1,000 ce, an faɗi, ko da mutum dubu sun yaba hoton. Sai a canza hoto, ko bayani, ko garin da aka nufa, a sake gwadawa. Shi ya sa mu da muke jami'a muke ce wa ƙannenmu kada su raina darasin lissafi.

Ina ake koyo?

Masarautarmu mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, yanzu tana da manyan makarantu a gida. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusuf Bala Usman. Kafin ku cike fom ɗin JAMB, ku duba kwasa-kwasan da kowace ke bayarwa. Fannonin da suka fi kusa da wannan sana'a su ne kasuwanci da kimiyyar kwamfuta da aikin jarida, kuma akan nemi kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi.

A kwalejojin fasaha, waɗanda hukumar NBTE ke kula da su, ƙaramar difloma shekara biyu ce. Kowane ɗalibi yana ɗaukar darasin koyon dogaro da kai, da yawansu kuma suna fita aikin sanin makama, wato SIWES. Wanda ya yi wannan aikin a wurin da ake sayar da kaya ta intanet zai dawo da abin da ba a samu a allo. Bayan aji kuma, kamfanonin Google da Meta suna da darussan talla na kyauta. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani.

Takardar shaida tana da amfani, amma mai kaya abin da zai fara tambaya shi ne: wa ka taɓa yi wa, kuma me ya samu? Saboda haka ɗalibi mai dabara tun yana karatu yake tara samfurin ayyukansa.

Hattara da macuta

Ba duk mai cewa yana koyar da kasuwancin intanet ba ne malami. Idan aka ce ka biya kuɗin shiga, ka kawo mutum uku, kuɗinka zai ninka, wannan ba talla ba ce, tarko ne. Haka dubban 'yan Najeriya suka yi asara a MMM a 2016, aka kuma maimaita a CBEX a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku tambaya: wane kaya ake sayarwa, wa ke saye? In babu amsa, ku kama gabanku.

Haka nan amana ita ce jarin wannan sana'a. Wanda ya sa hoton wani kaya ya aika da wani, sau ɗaya zai ci kasuwa. Kuma ba a ɗora hoton mutum ko lambar wayarsa sai da izininsa, domin tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Me za ku fara yanzu?

Ba sai kuna da wayar kanku ba. Ku gyara rubutunku na Hausa da Turanci, don saƙo mai kurakurai yana korar mai saye. Ku riƙa shiga ɗakin kwamfuta idan makarantarku na da shi. A lokacin hutu, da izinin iyaye, ku ɗauki sana'a ɗaya ta gida, ko ƙuli-ƙulin Inna ne ko ɗinkin Yaya, ku ɗauki hoto da hasken safiya, ku sa farashi. Ku tanadi littafi kuna rubuta mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya. 'Yan mata ma wannan dama ce babba, tunda daga cikin gida ake yi.

Sai dai kada waya ta cinye lokacin bita, domin kiredit biyar ɗin nan su ne mabuɗin shiga kwaleji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.