Yawan Giga Ba Shi Ne Ƙarfin Katin Hoto Ba

Duk wanda ya shiga kasuwa neman kwamfutar buga gem, tambayarsa ta farko ita ce katin hoton giga nawa ne. Mai shago ya san haka, shi ya sa yake ɗaga murya a kan wannan lambar. Amma gigar nan fili ce kawai, wato ma'ajiyar da katin yake shimfiɗa kayan aikinsa: zanen bango, tufafin 'yan wasa, inuwa, da hoton da zai haska a allo. Kamar teburin tela take. Faɗin tebur ba ya ƙara wa keken ɗinki gudu, amma in ya yi kaɗan, dole tela ya riƙa tashi yana ɗauko yadi daga ɗaki.

Haka katin yake yi idan ma'ajiyarsa ta cika, sai ya koma aron fili a babbar ma'ajiyar kwamfuta. Katin RTX 3070 yana kwasar giga 448 a daƙiƙa daga ma'ajiyarsa, alhali hanyar da ta haɗa shi da sauran kwamfutar ba ta wuce kusan 32 ba. Nan ne wasa yake fara sarƙewa, ya tsaya cak ya fizga, bango ya fito dishi-dishi. An ga haka a 2023 da wasannin Hogwarts Legacy da The Last of Us suka fito a kwamfuta: katuna masu giga 8 sun yi ta tuntuɓe idan aka ƙure musu kyawun hoto, duk da ƙarfinsu.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, a sayi mai giga da yawa. To a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai GT 730 mai giga 4, amma GTX 1050 mai giga 2 ya fi shi nesa ba kusa ba, domin injin na farkon ba shi da ƙarfin da zai ci moriyar filin. Irin ma'ajiyar ma abin dubawa ne. A 2018 an fitar da GT 1030 mai ma'ajiyar DDR4, suna ɗaya, giga 2 ɗaya da mai GDDR5, amma ya fi shi nawa ƙwarai. Kafin nan ma, GTX 970 da aka tallata da giga 4 ya kasance uku da rabi ne kawai masu sauri, har kamfanin Nvidia ya amince a 2016 ya biya masu saye a Amurka dala 30 kan kowane kati.

Saboda haka mai saye, musamman na kayan hannu, ya nemi cikakken sunan katin da irin ma'ajiyarsa, ya kuma sa a kunna masa wasan da yake so na tsawon lokaci, domin ma'ajiya a hankali take cika. Wanda kuwa nasa yake sarƙewa, ya fara rage ingancin zane a saitin wasan kafin ya taɓa aljihu.